Yadda ake rubuta ishara ga kalmar TSIRRAI a wasan cike gidajen kalmomi

Wasan cike gidajen kalmomi shi ne wanda ake zana allo mai fararen gidaje da baƙaƙe, wasu kalmomi su shiga a kwance, wasu a tsaye, suna ratsa juna. Aikin mai tsara shi kashi biyu ne: gina allon, da rubuta ishara, wato ɗan gajeren zancen da ake ba mai wasa don ya gano kalmar da za ta shiga gidajen. Ginin allo ana iya koyonsa cikin mako guda. Ishara ce mai cin lokaci, domin ana so ta kai mutum ga amsa ɗaya tak, kuma idan ya iso ya yarda da kansa cewa ba a yi masa rinto ba. Za a bi aikin nan da kalma guda, wadda ke tattara duk abin da ke tsirowa a wuri, daga ciyawa har manyan itatuwa: TSIRRAI.

Asalin wasan na jaridun Turanci ne. Wani ɗan Ingila mai suna Arthur Wynne ne ya fara buga shi a jaridar New York World ta Amurka ranar 21 ga Disamba, 1913. Jaridar New York Times, wadda a yau ake auna sauran da ita, ba ta shiga ba sai 1942. Allonta na ranakun mako gida 15 ne a kwance, 15 a tsaye, na Lahadi kuma 21 da 21, kuma wahalar isharorin tana hawa ne daga Litinin zuwa Asabar. A irin waɗannan allunan, idan ishara ta ce rayuwar tsirrai kuma gidajen biyar ne, kusan kullum amsar FLORA ce. Masu tsarawa suna son kalmar saboda gajera ce, tana da wasula biyu, baƙaƙenta kuma masu saurin haɗuwa da wasu kalmomi ne. Ƙofofin shigarta sanannu ne: a ce tsirran wani yanki, ko abokiyar tafiyar FAUNA wadda ke nufin dabbobin yanki, ko gunkiyar furanni ta Rumawan dā, ko kuma sunan mace. Mai tsara wasan Turanci a Najeriya yana da ƙofa ta biyar da ta fi dacewa da masu karatunsa: Flora Shaw, 'yar jaridar da ta ba da shawarar sunan Najeriya a 1897, daga baya ta auri Lugga a 1902. Abin koyi a nan shi ne kalma ɗaya tana da ƙofofi da yawa, kuma mai tsarawa ne ke zaɓar wadda zai buɗe gwargwadon wanda zai yi wasan.

Hausa tana da nata ƙofofin, da nata ramukan.

Ka fara yanke hukuncin rubutu, tun kafin ka ja layi ɗaya

Abu na farko: TS gida ɗaya ne ko biyu? A abacadar boko ts da sh ana ƙirga kowanne a matsayin baƙi guda, to amma haruffa biyu ake rubutawa. Idan ka raba su, TSIRRAI gida 7 ce. Idan ka haɗe, 6 ce. Masu tsara wasan da harshen Wels suna sa tagwayen baƙaƙensu a gida ɗaya, 'yan Holan ma haka suke yi wa IJ, saboda haka ba laifi ba ne. Amma rabawa ta fi sauƙi, domin S ɗin da ke cikin SH za ta iya zama farkon wata kalma da ta ratsa ta, kuma ba sai ka yanke hukunci kan ky, gy, kw, gw, ƙw da ƙy ba. Duk wanda ka zaɓa, ka rubuta shi a layi ɗaya a saman allon, kada ka sauya a tsakiya.

Na biyu, baƙaƙe masu ƙugiya. Ɓ, Ɗ da Ƙ haruffa ne masu zaman kansu. Gidan da ke ɗauke da Ɗ a kwance dole ya zama Ɗ a tsaye. Wanda ya haɗa ƊORAWA da DAWA a kan harafin farko ya karya allonsa, ko da a na'urarsa sun yi kama. Hamza kuwa, irin ta cikin al'amari da sha'ani, abin da ya fi sauƙi shi ne a ce ba ta da gida. Baƙin da ke farkon 'ya'ya a Najeriya da hamza da y ake rubuta shi, a Nijar kuma da ƴ, don haka idan masu karatunka na ɓangarorin biyu ne, ka ba shi gida ɗaya ka faɗa.

Na uku, wace sigar kalmar kake nufi? Ana samun tsirrai, ana samun tsirai da r ɗaya, ana samun tsire-tsire. Ka duba ƙamus ka tsaya a kan ɗaya. Ƙamusun Hausa na Jami'ar Bayero da ya fito a 2006 yana taimakawa wajen daidaitaccen rubutu, na Bargery na 1934 kuma wajen tsofaffin kalmomi. Sunayen itatuwa da ciyayi ɗaya bayan ɗaya, Likita Dalziel ya tattara su da Hausa a wani ɗan littafi tun 1916.

Ka jera kishiyoyin amsarka

Wannan matakin ne sababbin masu tsarawa suka fi tsallakewa, kuma shi ne ke jawo musu ƙorafi. Ka ɗauki takarda ka rubuta duk kalmar da mai wasa zai iya kawowa idan ya ji an ambaci abin da ke tsirowa, ka ƙirga haruffan kowace:

Gida 5: TSIRO, SHUKA, GANYE, ITACE.
Gida 6: CIYAWA, CIYAYI, TSIRAI.
Gida 7: TSIRRAI, ITATUWA, GANYAYE, FURANNI.
Gida 9: BISHIYOYI.
Gida 10: SHUKE-SHUKE, TSIRE-TSIRE.

Ka ga inda matsalar take. Lambar da ake sa wa a ƙarshen ishara, wadda ke nuna yawan gidaje, ba za ta cece ka ba, domin kalmomi huɗu ne ke zaune a gida bakwai. Idan ka rubuta "Damina ce ke rayar da su (7)", duk huɗun sun shiga. Mai wasa zai rubuta GANYAYE da biro, ya ci gaba, sai can ya tarar babu abin da ke haɗuwa, kuma laifin ba nasa ba ne. Gwajin da za ka riƙa yi wa kowace ishara ke nan: ka karanta ta, ka sa kowace kishiya a gurbin amsar. Idan biyu suka zauna daram, ishara ba ta nuna ba tukuna.

Abin da ya raba TSIRRAI da sauran shi ne tana haɗe kowa. Ita ce uwar rukuni, sauran 'ya'ya ne ko sassan jiki. To sai ishararka ta kama wannan faɗin. Hanya mafi tsabta ita ce ka ambaci ƙarami da babba a tare: "Daga ƙarangiya har rimi, kowa na ciki (7)". ITATUWA ta faɗi, domin ƙarangiya ba itace ba ce. CIYAYI ta faɗi saboda rimi da kuma yawan gidaje. GANYAYE da FURANNI sassa ne, ba su ne jikin ba. TSIRRAI kaɗai ta rage.

Akwai kuma bambancin tsiro da shuka, wanda ke da amfani a gida biyar. Shuka akwai hannun mutum a cikinta, tsiro kuwa ko an shuka ko ba a shuka ba, in dai ya huda ƙasa ya fito. Saboda haka "Manomi ya binne iri, ta fito (5)" SHUKA ce, "Yana leƙowa bayan ruwan farko, ko ba wanda ya gayyace shi (5)" kuma TSIRO ne.

Jinsi da adadi

Dubi waɗancan isharori biyu da kyau. A ta farko an ce "ta fito", a ta biyu an ce "yana leƙowa". Hausa ba ta iya ɓoye jinsi: wakilin suna yana tona asirin amsa ko ka so ko ba ka so ba. Tsiro, ganye da itace maza ne. Shuka, ciyawa da bishiya mata ne. Tsirrai jam'i ne. Ƙa'idar wasan ita ce ishara ta dace da amsa a jinsi da adadi da ajin kalma, ta yadda za ka iya cire ɗaya ka sa ɗaya a jimla ba tare da ta karye ba. Wanda ya rubuta "Yana buƙatar ruwa da rana (7)" yana nufin TSIRRAI ya yi kuskure, sai ya ce "suna".

Wannan tonon asirin kayan aiki ne. Idan kana so ka sauƙaƙa, ka bar wakilin sunan ya fito fili. Idan kana so ka tsaurara, ka gina isharar ba tare da shi ba, kamar "Abin nazarin masanin gandun daji". Sai dai ka kula, "abin" ɗin ma yakan sa mutum ya nemi tilo.

Matakan wahala

Ka rubuta wa kalmar ishara uku aƙalla, ka zaɓi ɗaya daga baya idan allo ya kammala.

Mai sauƙi, ta 'yan makaranta, fassara ce kai tsaye: "Ciyayi, bishiyoyi da shuke-shuke baki ɗaya (7)". Ba ta da daɗi amma ba ta da zalunci, kuma kowane allo yana buƙatar irinta guda uku ko huɗu don mai wasa ya sami inda zai sa ƙafa.

Matsakaiciya tana bi ta ilmi ko ta abokin tafiya: "Abokan ambaton dabbobi a darasin kimiyyar halittu (7)", ko "Da hasken rana suke haɗa abincinsu, su ba mu iskar shaƙa (7)". Ta biyun tana da rauni, domin ITATUWA da GANYAYE ma suna iya shiga, sai dai in haruffan da ke ratsawa sun riga sun rufe ƙofa. A irin wannan isharar ka tabbatar da gaskiyar abin da ka faɗa. Kada ka kawo naman kaza a matsayin misali, domin masana sun daɗe da fitar da shi daga rukunin tsirrai, ba ya haɗa abinci da rana. Kada kuma ka ce "duk daga ƙasa suke fitowa": kauci a jikin reshen wani itace yake zaune, kainuwa a kan ruwa take yawo.

Mai wuya ita ce wadda ke sa mutum ya kalli gabas alhali amsar tana yamma. A nan Hausa ta yi sa'a, domin kalmar TSIRRAI da RAI ta ƙare. Sai ka rubuta: "Da rai suke ƙarewa, ko da sun bushe (7)". Mai karatu zai fara tunanin mutuwa da rayuwa, sai daga baya ya lura cewa maganar haruffa ake yi. "Sun bushe" ta nuna masa wajen da zai duba, "suke" ta ba shi jam'i, sauran kishiyoyin uku kuma babu mai ƙarewa da rai. Irin wannan ishara guda biyu ko uku sun isa a allo ɗaya. In suka yi yawa, mai wasa zai ajiye takardar.

Ga TSIRE-TSIRE kuwa wasan a bayyane yake: "Mai suya zai ɗauka nasa ne har sau biyu, alhali na gona ne (5-5)". A rubuta lambar da karan ɗori, (5-5), don a san kalmar ninki ce, amma karan ba ya cin gida.

Akwai abin da ba a yi ko kaɗan: sa tushen amsa a cikin ishara. "Abubuwan da ke tsirowa" ba ishara ba ce ga TSIRRAI, amsar ce aka miƙa. Haka "'ya'yanta na da tsami" ga TSAMIYA. RAI da aka yi wasa da ita a sama ba ta shiga wannan haramcin, domin ba tushen kalmar ba ce, haruffa ne suka faɗo haka.

Gina allon da kalmar za ta zauna

Salo biyu ne. A na Amurka kowane farin gida yana cikin kalma biyu, ta kwance da ta tsaye, baƙaƙen gidaje kuma ba su cika wuce ɗaya cikin shida ba. A na Ingila kusan rabin haruffa ne kawai ake ratsawa, allon kamar raga yake. Ga Hausa ka ɗauki na Ingila, ga dalili. Kusan duk kalmar Hausa da wasali take ƙarewa. A salon Amurka, layin ƙarshe na ƙasa ya ƙunshi haruffan ƙarshe na dukkan kalmomin tsaye, ke nan zai zama wasula zalla a jere, kuma babu kalmar da ke haka. A salon raga kuwa gida na 1, 3, 5 da 7 ne kawai za su zama wasula, sauran naka ne.

Wannan ya nuna maka inda za ka fara. Layin ƙasa da layin gefen dama suna buƙatar kalma mai farawa da wasali, tana tafiya wasali, baƙi, wasali, baƙi har ƙarshe. Irinsu ba su da yawa, don haka ka tara su tun da wuri: ASIBITI, AGOGUNA, INUWOYI, IGIYOYI, ITATUWA, AL'AMARI a gida bakwai, ADUWA, AYABA, INABI, AGOGO a gida biyar. Idan ka maƙale, kalmomin da ke ƙarewa da baƙi su ne mafita: na aro irin su tebur, fensir, malam, da amsa-kama irin su tak, fes, wur.

Ga allo mai gida 7 da 7, an raba TS da SH, hamza ba ta da gida:

T S I R R A I
S ■ T ■ A ■ G
A Y A ■ S A I
M ■ T ■ H ■ Y
I H U ■ A D O
Y ■ W ■ W ■ Y
A L A M A R I

Yadda aka gina shi: an sa TSIRRAI a layin farko, sai ta ba da haruffa huɗu da kalmomin tsaye za su fara da su, T, I, R, I. Biyu daga ciki wasula ne, wanda da wata kalma ce da ya zama ciwon kai, amma ITATUWA da IGIYOYI sun ɗauke su. T ta karɓi TSAMIYA. Daga nan aka sauka ƙasa, aka ga layin ƙarshe ya zama A, gurbi, A, gurbi, wani abu, gurbi, I, sai AL'AMARI ta zauna, ta tilasta wa kalmar R ta ƙare da A. An gwada RUMBUNA, ta ba da MAI a layi na uku, amma a layi na biyar ta bar U, gurbi, O, babu kalma. RASHAWA ce ta buɗe: SAI a sama, ADO a ƙasa. Lura cewa S ɗin SAI ita ce rabin SH na RASHAWA. Da an haɗe tagwayen baƙaƙe da allon nan bai tsaya ba.

Baƙaƙen gidaje 11 ne, farare 38. Idan ka juya takardar kai ya koma ƙasa, baƙaƙen suna nan a wurarensu, kuma wannan daidaiton al'adar wasan ce. Babu kalmar da ta gaza haruffa uku, kuma duk fararen gidaje a haɗe suke, babu tsibiri. Lamba ana ba ta ne ga duk gidan da kalma ta fara, daga hagu zuwa dama, daga sama zuwa ƙasa.

A kwance: 1. Daga ƙarangiya har rimi, kowa na ciki (7). 5. Ana gasa wa mai taurin kai ita a hannu (3). 6. "___ da safe" (3). 7. Ana kurma shi idan an ga ɓarawo (3). 8. Kwalliya (3). 9. Sha'ani (7).

A tsaye: 1. Da 'ya'yanta ake dama kunun buɗa-baki (7). 2. Kuka, gawo da marke, misali (7). 3. Abokiyar tafiyar cin hanci (7). 4. Guga da turke duk suna buƙatarsu (7).

Abu uku game da wannan jerin. Ba a yi amfani da ishara mai sauƙi ta TSIRRAI ba, wadda ta ambaci bishiyoyi, saboda ITATUWA tana cikin allon kuma ma'anarsu ɗaya. Ba a son wata ishara ta ɗauki amsar wata a bakinta. An kuma ƙaurace wa mai wuyar nan ta "da rai suke ƙarewa" domin wannan ce kalma ta 1, wadda ke riƙe da farkon kalmomi huɗu. Idan ta gagara, allon duka ya kulle. Sannan kalmar "misali" a ta 2 ba ado ba ce. Duk lokacin da ka bayyana rukuni da 'ya'yansa, sai ka nuna cewa misalai ne.

Sunayen tsirrai: inda Hausa ta fi arziki

Idan jigon allonka tsirrai ne, za ka buƙaci sunaye ɗaiɗaiku, kuma a nan ne wasan ke da daɗi. Rubutun boko ba ya nuna karin sauti ko tsawon wasali, saboda haka kalmomin da baki ke rabawa, alƙalami yana haɗe su. Sai ka jera ma'anoni biyu ko uku ba tare da ka ce komai ba:

"Ganyen kwaɗo, sakayya, ko zubewar jiki (4)": RAMA.
"Hawaye, ko miyar tuwo (4)": KUKA.
"Hatsi, ko inda mafarauci ke kwana (4)": DAWA.
"Abin da ruwa ke yi a kan wuta, kuma ana kwaɗa ta (6)": TAFASA.
"Azawa a kai, ko uwar kalwa (6)": ƊORAWA.
"Tabbas, amarya za ta sha shi (5)": LALLE.

Hanya ta biyu ita ce juya gaɓa, abin da yara suka daɗe suna yi a zaurance. GORO ya juya ya zama ROGO. WAKE ya zama KEWA, KABA ta zama BAKA, DAWA ta zama WADA, RAMA ta zama MARA. TSIRO kansa idan ya juya ROTSI ne: "Rotsi ya juya, ya leƙo daga ƙasa (5)". Dole a sami kalmar da ke sanar da juyin, irin su "ya juya", "a birkice", "ya koma da baya". In babu ita, rinto ne. A nan ma ƙugiya tana kama mutane: RAKE idan ya juya kera yake bayarwa, ba ƙera ba, don haka ba za ka yi ishara da maƙeri ba.

Ta uku, haɗa guntaye: CI da YAWA sun ba da CIYAWA, "Ci da yawa, abincin tumaki (6)". MASAR da A sun ba da MASARA. Ta huɗu, ɓoye amsa a cikin wata kalma: "Itacen da ke cikin saduwa (5)" ADUWA ce. Da ka ce "haɗuwa" da ka ɓata, domin ɗ ce a ciki.

Karin magana da kirari suna ba da isharar cike gurbi mai saurin kamuwa: "___ dashen Allah (7)" KAINUWA ce, "Inuwar ___, na nesa ka sha (7)" GIGINYA ce, "Kirarin Sardauna: ___ ɗan ƙwarai (5)" GAMJI ne. Kacici-kacici ma haka, ƙulunƙulufita kowa ya san GAUTA ce. Halin itacen shi kansa yana isa: "Yana tuɓewa da damina, ya sa riga da rani (4)" babu wanda zai zama sai GAWO. Sunayen garuruwa na taimakawa: Kukawa, wadda Shehu Alkanemi ya kafa a 1814, daga kuka ta samo suna.

Ramin da ke nan shi ne karin harshe. Itace ɗaya wani ya ce darbejiya, wani dogon yaro, wani maina, wani bedi. Bakano na cewa fure da itace, Basakkwace na cewa hure da icce. Yawan gidaje yakan raba gardama, amma ba kullum ba: fure da hure duk huɗu ne. Idan amsarka ta wani yanki ce, ka faɗa a cikin isharar, "a bakin Sakkwatawa" ko "a Nijar". Kuma kada sunaye biyu baƙi su ratsa juna. Idan mai wasa bai san ko ɗaya ba, gidan da suka haɗu sai dai ya yi caca.

Gwaji kafin bugawa

Ka zana allon babu amsa, ka cike shi da kanka daga isharorin kaɗai, kana ƙirga kowane harafi da yatsa. Kuskuren lamba, a rubuta (6) a inda gidaje 7 ne, ya fi kowane kuskure yawa, musamman a kalmomi masu ts, sh ko baƙi mai ninki irin rr da nn. Daga nan ka ba mutum biyu ko uku, ɗaya ya saba da wasan, ɗaya bai taɓa yi ba, in da hali ɗaya daga wani yankin. Kada ka tsaya a kansu kana taimako. Ka karɓi takardun ka duba inda suka goge. Duk gidan da mutum biyu suka rubuta amsa iri ɗaya wadda ba taka ba, akwai kishiyar da ka manta, sai ka koma ka ƙara kalma ɗaya da za ta kore ta. Allo mai gida 7 da 7 bai kamata ya wuce minti goma zuwa sha biyar a hannun wanda ya saba ba.

Wajen bugawa, kowane gida ya kai kusan santimita ɗaya idan yara ne za su rubuta, lambar kuma ta zauna ƙarama a kusurwar sama ta hagu. Ka buga gwaji ɗaya ka duba manyan Ɓ, Ɗ da Ƙ a shafin amsoshi, domin wasu nau'ukan haruffan kwamfuta ba su da su, sai su fito da ɗan akwati ko alamar tambaya. Idan ta waya za ka tura, ka mayar da allon hoto, in ba haka ba layukan za su goce a wayar da faɗinta ya bambanta da taka. Amsoshin kuma su tafi a saƙo na daban, washegari.